Daga dala ɗaya zuwa dala miliyan biyar: wa ke riƙe da akalar tanis ɗin mata?

Ranar Asabar 8 ga Nuwamba 2025, a birnin Riyadh, Elena Rybakina mai wakiltar Kazakistan ta doke Aryna Sabalenka a wasan ƙarshe na gasar rufe shekara ta tanis ɗin mata, ta tafi gida da dala miliyan 5.235. In ka juya shi zuwa kuɗinmu a canjin lokacin ya haura naira biliyan bakwai. Wasa biyar kacal ta buga. Ranar Litinin da na kawo zancen a ofis, wani abokin aikina da ba ya kallon komai sai ƙwallon Ingila ya ajiye fayil ɗin hannunsa ya ce, "Oga, wai ku wannan wasan naku wa ke shirya shi ne? Wace ce FIFA ɗinku?" Na buɗe baki zan amsa sai na ga amsar ta fi ƙarfin hirar tsaye. Na ce masa zan rubuta. To ga shi, wanda ba ya son dogon rubutu ya yi haƙuri ya wuce.

Ni dai tun ina jami'a, lokacin da Venus da Serena Williams ke tashe, na kamu da wannan wasa a ɗakin kallon talabijin na ɗalibai, idan masu ƙwallo sun watse. Sama da shekara ashirin ke nan. Kuma abin da ya fi jan hankalina yanzu, wataƙila saboda aikin gwamnati ya lalata ni, shi ne tsarin: wa ya ba wa izini, wa ke biya, wa ake tilasta wa.

Tanis ba shi da FIFA. Hukumomi bakwai ne ke raba iko. Akwai manyan gasa huɗu da ake kira Grand Slam: ta Melbourne a Ostireliya, Roland Garros a Faransa, Wimbledon a Landan, sai US Open a New York. Kowacce cin gashin kanta take yi, da kuɗinta da dokokinta. Akwai hukumar ƙasa da ƙasa, ITF, mai kula da ƙananan gasanni da na ƙasashe. Akwai ATP ta maza. Sai WTA ta mata, wadda ita ce maganarmu. WTA ba ta mallaki Grand Slam ko ɗaya ba. Abin da ke hannunta shi ne maki da jerin gwanayen duniya, da kuma gasannin da ke cike sauran makonnin shekara.

Waɗannan gasannin an jera su hawa-hawa: 125, 250, 500, 1000. Lambar ita ce yawan makin da wadda ta ci kofi take samu, Grand Slam kuwa 2000 ne. Mu ma'aikata wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, kamar matakin albashi ne. 'Yan 1000 su ne daraktoci, kuma guda goma ne: Doha da Dubai a Fabrairu, Indian Wells da Miami a Maris, Madrid da Rum a kan jar ƙasa kafin Roland Garros, Kanada da Cincinnati kafin US Open, sai Beijing da Wuhan a ƙasar Sin wajen ƙarshen shekara. Ta Kanada tana karɓa-karɓa tsakanin Toronto da Montreal. Daga nan mata takwas da suka fi tara maki a shekarar su haɗu a gasar rufe shekara, irin wadda aka yi a Riyadh.

Amma wannan jerin ba daga sama ya faɗo ba.

Kafin 1968 manyan gasanni na 'yan sha'awa ne, a hukumance ba a biyan kowa. Da aka buɗe ƙofa ga ƙwararru aka fara ba da kuɗi a fili, nan take aka ga matsayin da masu shirya gasa suka ajiye mata. A Wimbledon ta 1968 Rod Laver ya karɓi fam 2,000, Billie Jean King fam 750. A Rum a 1970 Ilie Nastase ya samu dala 3,500, King ta samu 600. Abin da ya fasa ƙwai shi ne gasar Los Angeles ta 1970 da Jack Kramer ke gudanarwa: zakaran maza dala 12,500, ta mata 1,500. Matan suka nemi a gyara, aka ƙi.

Sai suka je wajen Gladys Heldman, mai mujallar World Tennis. Ita ta haɗa musu gasar kansu a Houston a Satumbar 1970. Hukumar tanis ta Amurka ta yi barazanar dakatar da duk wadda ta buga. Mata tara suka sa hannu a kwantiragin dala ɗaya ɗaya da Heldman, aka ɗauki hoto ana ɗaga takardun dalar: King, Rosie Casals, Nancy Richey, Peaches Bartkowicz, Kristy Pigeon, Valerie Ziegenfuss, Julie Heldman, da 'yan Ostireliya biyu, Kerry Melville da Judy Dalton. Duka kuɗin gasar dala 7,500 ne, Casals ce ta ci. Ku tuna, waɗannan matan suna iya rasa damar buga Wimbledon da US Open gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa sa hannu a takardar koke a ma'aikata alhali shugaban sashensa na kallonsa ya san yadda hannu ke rawa.

Ga abin da ba a cika faɗa ba idan ana bikin tunawa da su: wanda ya zuba kuɗin kamfanin taba ne. Joe Cullman, shugaban Philip Morris, abokin Heldman ne, kuma kamfanin na neman tallata sigarinsa na mata mai suna Virginia Slims. Da sunan wannan sigari aka yi zagayen gasannin mata na farko a 1971, shekarar da King ta zama mace ta farko a kowane irin wasa da ta samu sama da dala 100,000 a shekara guda. An soke su a kan haka tun a lokacin. Ku riƙe wannan a ranku, zan dawo kansa.

A Yunin 1973, ana saura kwanaki a fara Wimbledon, King ta tara 'yan wasa kusan sittin a otal ɗin Gloucester da ke Landan, ta sa Betty Stove 'yar Holan, doguwa ce, ta tsare ƙofa kada kowa ta fita sai an cimma matsaya. A ɗakin nan aka haifi WTA. Wato asalinta ƙungiyar ƙwadago ce ta 'yan wasa. A shekarar US Open ta daidaita ladan maza da mata, dala 25,000 kowa. Sauran Grand Slam ɗin sun ja ƙafa. Wimbledon sai 2007, bayan Venus Williams ta matsa musu har da rubutu a jaridar Times ta Landan, kuma ita ta fara cin moriyar, ta karɓi fam 700,000 daidai da Roger Federer. A 1975 aka fara fitar da jerin gwanaye ta kwamfuta, Chris Evert ce ta ɗaya ta farko.

Da kuɗi ya fara shigowa sai wata matsala ta taso, kuma ita ce uwar duk tsarin da muke gani yau. Mai shirya gasa ya kama fili, ya sayar da tikiti, ya yi wa gidan talabijin da masu talla alkawarin taurari. Ita kuma tauraruwa ba ma'aikaciyarsa ba ce. In ta ga dama ta zo, in ta gaji ta turo saƙon ciwon gwiwa. Ta yaya za ka sa mutum ya zuba miliyoyi a kan abin da bai da tabbacin wa zai halarta?

Amsar farko ita ce raba gasanni aji-aji. Daga 1990 zuwa 2008 ana kiran na sama Tier I, ana sauka har zuwa ƙananan azuzuwa. Mai biyan kuɗi da yawa shi ke samun maki da yawa da alkawarin wani adadi na manyan 'yan wasa. A tsakiyar shekarun 1990 kuma ƙungiyar 'yan wasan ta haɗe da majalisar da ke kula da gasannin, aka zama hukuma ɗaya. Tun daga nan wakilan 'yan wasa da wakilan masu gasa a tebur ɗaya suke zama a majalisar gudanarwar WTA. Ka ƙaddara ƙungiyar ƙwadago da ofishin shugaban ma'aikata sun koma ofis guda, da hatimi guda. Akwai amfani, don ana sasantawa cikin gida. Amma ranar da muradun ɓangarorin biyu suka yi karo, 'yar wasa ba ta da wani gidan da za ta kai ƙara. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙungiyar PTPA, wadda Novak Djokovic da Vasek Pospisil suka kafa, ta maka ATP da WTA da ITF a kotu a Maris 2025.

In ka duba garuruwan Tier I na wancan zamani za ka ga yadda duniya ta juya. Akwai Berlin, inda Steffi Graf ta ci kofi sau tara. Akwai Zurich, Mosko, Tokyo, San Diego, Charleston. Yau babu ko ɗayansu a ajin farko. Ta Berlin ma hukumar tanis ta Jamus sayar da ita ta yi wa takwararta ta Katar, bayan 2008 aka rufe, sai 2021 garin ya sake samun gasa, ita ma ta 500.

A nan ya kamata a fahimci wani abu. Gasar 1000 lasisi ce, izinin mallakar wani mako a kalandar shekara da wani adadin maki. Kamar takardar mallakar fili take: ana saye, ana sayarwa, ana ba da haya, ana iya ɗauke ta daga wani gari zuwa wani. Larry Ellison mai kamfanin Oracle ya sayi Indian Wells a 2009. Ion Tiriac, tsohon ɗan wasan Romaniya, shi ya riƙe Madrid shekaru, har ya taɓa rina jar ƙasar filin ta koma shuɗiya a 2012, aka yi ta rigima, daga baya ya sayar wa kamfanin IMG. Hukumar tanis ta Amurka ta sayar da Cincinnati ga attajiri Ben Navarro a 2022, aka kwashe watanni ana fargabar zai kai ta wani gari kafin ya yanke shawarar barinta. A 2014 matsayin Tokyo ya koma Wuhan, mahaifar Li Na, wadda cin Roland Garros da ta yi a 2011 ya buɗe wa WTA kasuwar Sin. Abin dariya, ana saura kwanaki a fara gasar Wuhan ta farko Li Na ta sanar da ritaya saboda gwiwa.

Babban garambawul ya zo a 2009, zamanin shugabancin Larry Scott. Aka soke Tier, aka kawo Premier. Gasa huɗu suka zama na dole: Indian Wells, Miami, Madrid, Beijing, kowacce da dala miliyan 4.5. Biyar na bi musu da dala miliyan biyu biyu: Dubai, Rum, Kanada, Cincinnati, Tokyo. Cinikin a fili yake. Masu gasa za su ƙara kuɗi su gina filaye, 'yan wasa kuma za su daina zaɓe. Wadda ta ƙi zuwa gasar dole za a rubuta mata sifili a makinta, ta rasa wani kaso na garaɓasar ƙarshen shekara.

Dokar ba ta yi wata uku ba ta gamu da gwaji guda biyu.

Na farko a Dubai, Fabrairun 2009, 'yan makonni bayan yaƙin Gaza na wancan lokaci. Hadaddiyar Daular Larabawa ta hana Shahar Peer 'yar Isra'ila biza, alhali matsayinta a jerin gwanaye ya ba ta gurbi. WTA ta ci tarar gasar dala 300,000 ta kuma kafa mata sharuɗɗa. Shekara ta zagayo aka ba Peer biza, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Na san inda zuciyar yawancin masu karanta ni take a batun Falasɗinu, tawa ma can take. Amma ku duba ƙa'idar da aka kare: wanda ya karɓi lasisi ba shi zai zaɓi wa zai shigo ba, maki ne zai zaɓa. Kuma an gwada ƙa'idar a kan Turawa ma. A 2022 Wimbledon ta hana 'yan Rasha da Belarus shiga saboda yaƙin Yukren. WTA da ATP suka janye makinsu daga gasar baki ɗaya, WTA ta kuma ci tarar Ingilawan. Wa ya kwana a ciki? Rybakina, haifaffiyar Mosko mai riƙe da fasfon Kazakistan, ta ci kofin Wimbledon ba ta samu maki ko ɗaya ba, ta rasa gurbi a gasar rufe shekarar. Wadda ta doke a wasan ƙarshe, Ons Jabeur ta Tunisiya, ita ma maki 1,300 suka bi ruwa.

Na biyu a Indian Wells. A 2001 'yan kallo a can sun yi wa Serena ihu tun daga farkon wasan ƙarshe har ƙarshensa, tana da shekara 19, bayan Venus ta janye daga karawarsu saboda rauni. Mahaifinsu ya ce an yi masa zagin wariyar launin fata a cikin 'yan kallo. Suka daina zuwa. Da gasar ta zama ta dole a 2009 ma ba su je ba, suka ɗauki sifilinsu. Serena sai 2015 ta koma, Venus sai 2016, kowacce a lokacin da ta ga dama. Ni a ganina wannan ya nuna iyakar kalmar "dole". Tana kama wadda ke buƙatar makin. Wadda gasar ke buƙata fiye da yadda ita ke buƙatar gasar, sai dai a lallaɓa ta. A ma'aikata ma mun san masu zuwa ƙarfe sha ɗaya da ba a taɓa ba su takardar tuhuma.

A 2021 aka sake suna zuwa 1000, 500, 250, don ya yi daidai da na maza, mai kallo ya daina ruɗewa. Har 2023 wasu daga cikin 'yan 1000 ɗin maki 900 suke bayarwa, sai 2024 aka daidaita, aka mai da su goma, aka ce duka na dole ne.

Yadda ake gudanar da ɗaya daga cikinsu kuwa haka ne. Bakwai suna ɗaukar 'yan wasa 96 kuma suna cin kusan mako biyu. Doha, Dubai da Wuhan 56 ne, mako ɗaya. Makonni kafin gasa ake rufe rajista, a bi jerin gwanaye daga sama har gurabe su cika. Ana ware wasu gurabe ga waɗanda suka tsallake wasannin share fage, wasu 'yan kaɗan kuma mai gasa ke rabawa yadda ya so, gurbin alfarma ke nan. A mai 96, gwanaye 32 na sama ba sa buga zagayen farko, kuma ana rarraba su yadda ba za su haɗu da juna da wuri ba. Mai kofi 1000, ta biyu 650, kusa da na ƙarshe 390, kafin nan 215, haka ake sauka har zuwa maki 10 na wadda aka cire a wasan farko. Maki na rayuwa mako 52 ne. In kin ci Madrid bana, baɗi warhaka makin zai zube sai kin sake nemo shi. Ba kamar mu ba da in ka hau mataki ka hau ke nan har fansho.

Gurbin alfarmar nan akwai son kai a ciki, don kamfanin da ke da gasa sau da yawa yana da 'yan wasan da yake wakilta. Amma wani lokaci yana haifar da abin mamaki. A Agustan 2025 Victoria Mboko, 'yar shekara 18 da iyayenta suka fito daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ta shiga gasar Montreal da irin wannan gurbi, ta doke Coco Gauff, ta doke Rybakina, ta doke Naomi Osaka a wasan ƙarshe. Wallahi ranar nan asuba ta same ni a gaban waya.

Yanzu mu yi lissafi irin na ofis. Babbar 'yar wasa dole ta buga Grand Slam huɗu, mako takwas ke nan. 'Yan 1000 goma, bakwai masu kusan mako biyu da uku masu mako ɗaya, mako 17. Sai 'yan 500 guda shida, mako shida. Mako 31 kenan kafin a yi maganar gasar rufe shekara, wasan ƙasa, atisaye, da tafiya daga Gabas ta Tsakiya zuwa Kaliforniya zuwa Turai zuwa Sin. Iga Swiatek ta sha kokawa a bainar jama'a cewa abin ya yi yawa. A Oktoban 2024 an zaftare mata maki ita da Sabalenka saboda ba su cika 'yan 500 shida ba, kuma wannan zaftarewar ce ta sauke Swiatek daga matsayi na ɗaya ta ɗora Sabalenka, ba tare da ɗayarsu ta ɗaga raket a makon ba. Ta ɗaya a duniya ta canza ta hanyar sakula, a taƙaice.

Abin da ke ci mini rai shi ne, duk wannan tilas ɗin a kan mutanen da ba su da albashi ne. A idon doka 'yan kwangila ne masu zaman kansu. Su ke biyan koci, mai tausa, jirgi. Ni da nake ƙorafin albashi ina da hutun shekara, abokan aikina mata suna da hutun haihuwa. Serena ta ci gasar Ostireliya a Janairun 2017 da ciki, ta tafi haihuwa tana ta ɗaya a duniya, ta dawo a Maris 2018 ba a ware ta cikin gwanaye ba, ta faɗa hannun Osaka a zagayen farko a Miami. Bayan surutun da ya biyo baya ne aka gyara dokar kare matsayin masu jego. Hutun haihuwa mai biya kuwa, har wata 12, sai Maris 2025 aka fara shi, kuma asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, PIF, ke biya.

Batun daidaiton lada ma bai ƙare ba, duk da abin da mutane ke zato. Grand Slam sun daidaita. Indian Wells, Miami da Madrid ma haka. Amma a Rum a 2023, fili ɗaya, mako ɗaya, zubi uku ga kowa, Daniil Medvedev ya karɓi sama da yuro miliyan 1.1, Rybakina kimanin 520,000. A Cincinnati a shekarar Djokovic ya haura dala miliyan ɗaya, Gauff 454,500. Hujjar masu gasa ita ce ATP da WTA kowacce daban take sayar da haƙƙin talabijin, na maza ya fi kawo kuɗi. WTA ta yi alkawari a 2023 cewa gasannin 1000 da 500 da ake haɗa maza da mata za su daidaita zuwa 2027, waɗanda ba a haɗawa zuwa 2033. A shekarar ne kuma ta sayar da kashi 20 cikin ɗari na ɓangaren kasuwancinta ga kamfanin zuba jari na CVC a kan dala miliyan 150. Mai lafiyar aljihu ba ya sayar da kason gidansa.

Me ya rarake aljihun? Sin. A 2019 aka kai gasar rufe shekara Shenzhen a kan yarjejeniyar shekara goma, da ladan dala miliyan 14. Ashleigh Barty ta ci miliyan 4.42. Sau ɗaya tak aka buga. Korona ta shigo. Sannan ranar 2 ga Nuwamba 2021 Peng Shuai, wadda ta taɓa zama ta ɗaya a duniya a wasan bibbiyu, ta wallafa a Weibo tana zargin tsohon mataimakin firaministan Sin, Zhang Gaoli, da tilasta mata lalata. Cikin ƙasa da awa ɗaya aka goge rubutun, aka daina ganinta kusan mako uku. Daga baya ta bayyana ta ce an yi wa maganarta mummunar fahimta. Steve Simon, shugaban WTA na lokacin, ya ce bai gamsu ba, ranar 1 ga Disamba ya dakatar da duk gasannin Sin har sai an yi bincike. Babu wata hukumar wasanni da ta bi bayansa, har ATP. Kwamitin Olamfik ya yi wasanninsa na hunturu a Beijing bayan wata biyu.

Na yaba masa a lokacin, a wannan shafin ma. Amma ku ga abin da ya biyo baya. Gasar rufe shekara ta zama marar gida: Guadalajara a 2021, Fort Worth a 2022 gaban kujeru da yawa babu kowa, lada ya faɗo zuwa dala miliyan biyar. A Afrilun 2023 WTA ta janye dakatarwar, ta amsa da bakinta cewa ba a yi binciken ba kuma ba ta ga alamar za a yi ba. Sai Cancun a Meziko a 2023, wadda aka sanar ana saura ƙasa da wata biyu, aka kafa filin wucin gadi a bakin teku lokacin damina, iska da ruwa suka yi ta dagula wasa, Sabalenka ta fito ta ce an wulaƙanta su, wasan ƙarshe sai Litinin aka buga. Na kalli wannan gasar, kunya ta kama ni kamar ni na shirya.

Daga nan sai Riyadh, a kan yarjejeniyar shekara uku, 2024 zuwa 2026, da dala miliyan 15.25 a shekarar farko. Evert da Martina Navratilova sun rubuta a jaridar Washington Post suna adawa, suka ce kai gasar can ya saɓa wa abin da aka kafa WTA a kai saboda matsayin mata a dokokin ƙasar. Jabeur ta goyi bayan zuwa, ta ce 'yan matan yankin su ma suna da haƙƙin ganin wasan da idonsu. King kanta ta karkata ga a je a tattauna.

Ra'ayina a nan ba zai yi wa kowane ɓangare daɗi ba. Masu cewa kuɗin Saudiyya ya ɓata tsarkin WTA su gaya mini yaushe aka yi tsarkin. Da kuɗin sigari aka yanke mata cibiya, Evert da Navratilova sun ɗaga kofunan Virginia Slims ba adadi, kuma an koma Beijing ba tare da an amsa tambaya ɗaya a kan Peng Shuai ba. Amma su ma 'yan uwana da ke murna kawai don ƙasar Musulmi ce, su lura da wani abu. Yau sunan PIF ne a kan jerin gwanayen mata, PIF ke biyan masu jego, Riyadh ke biyan lada mafi tsoka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. An taɓa tara ƙwai a kwando ɗaya a Sin, mun ga yadda aka kwashe. Damuwata ba wane ne mai kuɗin ba, damuwata ranar da wata 'yar wasa za ta sami matsala da mai kuɗin, wa zai iya tsaya mata, tunda an gwada sau ɗaya an ga farashin.

Abokin aikina ya kuma tambaye ni ina Afirka a duk wannan. A cikin goman nan babu, a 'yan 500 ma babu. Abin da nahiyar ta daɗe da shi shi ne gasar 250 ta Maroko, da ake yi a Rabat. Jabeur ta ci Madrid a 2022, aka yi ta cewa ita ce 'yar Afirka ta farko da ta ci gasar wannan aji. Gaskiya ne in daga 2009 aka fara ƙirga, amma Amanda Coetzer ta Afirka ta Kudu ta ci Hilton Head a 1998 lokacin tana Tier I. Mu nan muna da Dala Hard Court a Kano, Legas kuma ta daɗe tana karɓar gasar ITF ta Kofin Gwamna. Yarinyar da ta yi fice a Dala, in tana son ta ga ƙofar Doha ko da ta wasan share fage ce, sai ta fara daga matakin ITF na can ƙasa, inda duka kuɗin gasar dala 15,000 ne da za a raba wa kowa da kowa, ta yi ta tsintar maki har ta matso kusa da ɗari na farko a duniya. Wuraren da ake yin irin waɗannan ƙananan gasanni kusan kowane mako a nahiyarmu su ne Monastir a Tunisiya da Sharm el-Sheikh a Masar. Jiya da rana ni da shi muka zauna muka duba kuɗin jirgi daga Kano zuwa Tunis, zuwa da dawowa, mutum biyu, don ba za a tura yarinya ita kaɗai ba. Ya kalli lambar, ya kalle ni, ya ja fayil ɗinsa ya ci gaba da aiki.